Ɗan Akwatin da Ya Ƙi Gyaruwa a Hannun Ɗan Ƙanwata

Na ga saƙonninku a ƙarƙashin rubutun makon jiya kan lissafin adashi, kuma da yardar Allah zan dawo kansu. Wannan makon dai wani abu ne ya faru a gidanmu da na ga bai kamata in bar shi ya huce ba.

Na je gida Taba gaida tsohuwa daidai lokacin da yankan rake ya kankama. Duk wanda ya san ƙasarmu, daga Kudan zuwa Maƙarfi har Ikara, ya san yadda gari ke zama a wannan lokaci: motoci na lodi, hayaƙin dahuwar mazarƙwaila na tashi daga gonaki, kowane gida kuma na neman ƙarin hannu. A gidan ƙanwata na tarar da ɗanta na fari, ɗan shekara 13, zaune a gindin rumbu da wani ɗan akwati mai launi shida yana ta juyi, fuska a murtuke. Shi ne abin wasan nan da ake kira Rubik's Cube. Da kuɗin da ya tara ya ba wani direba sautu ya sayo masa a Sabon Garin Zariya, ya kalli yadda ake gyara shi a wayar maƙwabcinsu, ya kwafe matakan kaf a bayan littafinsa na makaranta.

"Kawu, kullum nan nake kawowa," in ji shi, ya miƙo mini.

Na duba. Komai ya zauna, sai ƙwaya ɗaya ta kusurwa. Tana gidanta, amma a murɗe take, rawayarta na kallon gefe maimakon sama.

"Mako uku ke nan. Na rushe na sake, na rushe na sake, ya fi sau hamsin. Wani lokaci wannan kusurwar ce, wani lokaci waccan, amma dole sai ɗaya ta ƙi."

Mahaifinsa na zaure yana jin mu. Ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ka gan shi nan. Abin da yaran wasu ƙasashe ke yi kafin ka ƙifta ido, shi mako uku. Ga takardar makaranta ma, lissafi ya faɗi. Ni dai na ce bana ya biyo ni gona. Kan da ba ya ja, ba a matsa masa."

Yaron bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa tun kallon farko na san babu mahalukin da zai gyara wannan akwati ta hanyar juyi, ko da wanda ya ƙirƙiro shi ne. Amma faɗa da baki ba ta isa hujja ba a gidan da aka riga aka yanke hukunci. Sai na ce a kawo takarda da biro, mu ƙirga. Abin da muka ƙirga ne zan kawo muku, kuma ina roƙon iyaye mata musamman kada su tsallake saboda ganin lambobi. Wanda ya iya "sau" ya iya duk abin da ke nan.

Daga ina akwatin ya fito?

Wani malamin zanen gine-gine mai suna Erno Rubik ne ya ƙera shi a birnin Budafes na ƙasar Hangari a 1974. Da ya hargitsa shi karon farko, sai da ya kwashe kusan wata guda kafin ya mayar da shi yadda yake. Ya shiga kasuwannin duniya a 1980. A gasar duniya ta farko, a 1982, wanda ya zo na ɗaya ya gyara shi cikin daƙiƙa 22.95. A 2023 wani matashi ɗan Amurka, Max Park, ya yi shi cikin daƙiƙa 3.13.

Ƙwayoyin da ake gani a jikinsa 26 ne, kashi uku. Shida na tsakiyar kowace fuska ne, waɗannan ba sa barin wurinsu, su ne ke nuna launin fuskar. Takwas na kusurwa ne, kowace da launi uku. Goma sha biyu na gefe ne, kowace da launi biyu. Ƙwayar kusurwa ba ta taɓa zama a gidan ta gefe, ta gefe ma haka. Saboda haka ƙwayoyi 20 kaɗai ke yawo, kuma tambayarmu ita ce: jeri iri nawa za su iya yi?

Mu fara da sahu

Na ce wa yaron, ku uku ne a ɗakin mamanku. In za ku jeru a kan benci, jeri nawa za ku iya? Wurin farko, kowane cikin ukun zai iya zama. Wuri na biyu, saura biyu. Na ƙarshe, saura ɗaya. Uku sau biyu sau ɗaya, shida ke nan. Ya kira ƙannensa suka gwada, shida cif. In ku huɗu ne, 24. In biyar ne, 120. Da an ƙara mutum ɗaya, sai a ninka da sabon adadin.

Mutum takwas a sahu ɗaya: 8 sau 7 sau 6, har zuwa 1, ya ba da 40,320. Da za su riƙa sauya tsayuwarsu a kowace salla cikin biyar ɗin nan, sai sun yi shekara 22 kafin su ƙare jerin. Mutum goma sha biyu kuwa 479,001,600 ne, wanda zai ci musu sama da shekara 262,000. A nan ne mahaifin ya baro zaure ya jawo kujera.

To, kusurwoyi takwas kamar mutum takwas ne a sahu: 40,320. Na gefe goma sha biyu: 479,001,600. Sai dai ƙwaya ba zama kawai take yi a gida ba, akwai kuma inda ta fuskanta. Ƙwayar kusurwa kamar murhu take mai duwatsu uku: kowanne cikin launukanta uku zai iya kallon sama. Uku sau uku, har sau takwas, ya ba da 6,561. Ƙwayar gefe kuwa kamar masa ce a tanda, ko ciki ko baya. Biyu sau biyu, har sau goma sha biyu, ya ba da 4,096.

In aka ninka waɗannan lambobi huɗu da juna, sai a sami 519,024,039,293,878,272,000. Wannan shi ne yawan jerin da za a iya samu idan aka ɓalle ƙwayoyin da hannu aka mayar da su yadda aka ga dama. Amma juyi ba ya kaiwa ga dukkansu. Akwai ƙa'idoji uku da juyi ba ya iya karyawa, kuma a cikinsu matsalar yaronmu take.

Na ƙarshe ba shi da zaɓi

Kun san watanda. In mutum takwas suka haɗa kuɗi suka yanka sa, aka yi kashi takwas, bakwai suka ɗauki nasu, na takwas ba a tambayarsa wanne yake so. Haka kusurwoyin nan suke wajen fuskanta.

Ga dalili. A irin akwatin da aka fi sayarwa, fari da rawaya suna baya da baya, don haka kowace kusurwa na da fari ko rawaya guda ɗaya. A riƙe akwatin rawaya a sama, fari a ƙasa. Kusurwar da farinta ko rawayarta ke kallon sama ko ƙasa, a ba ta sifili. Wadda ta murɗe ta dama, a ba ta 1. Wadda ta murɗe ta hagu, a ba ta 2. In ka juya fuskar sama ko ta ƙasa, babu lambar da ta sauya. In ka juya ɗaya daga fuskokin gefe kwata guda, kusurwa huɗu ne ke murɗewa: biyu su ƙaru da 1, biyu su ƙaru da 2, jimilla shida. Da yake murɗa uku na mayar da ƙwaya yadda take, shida daidai take da sifili. Ke nan ko sau miliyan ka juya, jimillar lambobin takwas sai ta rabu gida uku ba saura. Akwatin ɗan ƙanwata jimillarsa 1 ce. Ɗaya ba ta rabuwa uku. Juyi bai kai shi nan ba, juyi kuma ba zai fitar da shi ba. Wannan ƙa'ida ta zubar da kashi biyu cikin uku na jerin da muka ƙirga.

Ƙa'ida ta biyu irin wannan ce a kan ƙwayoyin gefe: ɗaya ba ta kifewa ita kaɗai, bibbiyu suke kifewa. In an san yadda goma sha ɗaya suka fuskanta, an san ta goma sha biyu. Wannan ta zubar da rabin abin da ya rage.

Ta uku ta shafi musayar gida. Kowane juyi na kwata yana zagayawa da kusurwa huɗu da gefe huɗu. Zagayen mutum huɗu, kowa ya koma kujerar na gaba da shi, daidai yake da musaya uku tsakanin mutum bibbiyu. Uku na kusurwa da uku na gefe, shida. Kullum jimillar musayar shafa'i ce, ba ta taɓa zama wutiri. Saboda haka ba za ka taɓa ganin ƙwaya biyu kacal sun yi musayar gida, sauran na zaune daidai ba, domin wannan musaya ɗaya ce tak. Wannan ma ta zubar da rabi.

Uku sau biyu sau biyu, goma sha biyu. A raba waccan babbar lamba gida 12, sai a sami amsar da muke nema:

43,252,003,274,489,856,000

Wato sama da biliyan 43 sau biliyan. Bahaushe kan ce malala gashin tunkiya in ƙirga ta fi ƙarfinsa, to ga malalar an ƙirge ta, ba ƙari ba ragi. Da mutum miliyan 200 za su zauna kowa da akwatinsa, kowa na fitar da sabon jeri duk daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, ba kuma wanda ya maimaita na wani, sai sun yi kusan shekara dubu bakwai kafin su gama. Cikin wannan duka, jeri ɗaya ne rak gyararre.

Abin mamaki kuma, a 2010 wasu masana huɗu, da taimakon kwamfutocin kamfanin Google, sun tabbatar da cewa duk yadda aka hargitsa akwatin ta hanyar juyi, akwai hanyar gyara shi da juyi 20 ko ƙasa da haka. Gida ba shi da nisa, sanin hanyar ne aiki. Mai juyi ido rufe yana jiran sa'a kuwa, shi da dokin injin rake ɗaya suke: yini ake ana tafiya, ba a bar wurin ba. Irin wannan ninkin ne ya kamata samarinmu masu cacar ƙwallo su yi kafin su miƙa kuɗinsu. Wasa goma, kowanne ko ci ko faɗuwa ko canjaras, sakamako iri 59,049 ke nan, tikitin mutum kuwa ɗaya ne a ciki.

Wa ya taɓa akwatin?

Na juya ga mahaifin na ce, Malam, dubi abin da takardar nan ta faɗa. Yaron nan ya taso daga cikin biliyan 43 sau biliyan ya iso ƙofar gida, saura ƙwaya ɗaya, ba sau ɗaya ba, fiye da sau hamsin. Sa'a ba ta yin haka. Ya haddace matakai, ya fahimce su, ya bi su daki-daki ba kuskure. Wanda ya yi haka ba a ce kansa ba ya ja. Ƙofar ce aka kulle masa ta baya.

Sannan na tambayi mutanen gida ko akwatin ya taɓa tarwatsewa. Yaron ya ce a'a. Ƙanwata, da ke tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta ajiye rariya.

"Yaya, ni ce. Yana makaranta autan nan ya ɗauko shi ya jefar, ƙwayoyi suka zube. Na ce in ya dawo ya gani zai dake shi, sai na tsince na mayar. Ai na ga duk sun shiga."

Sun shiga kam. Amma wanda ya mayar da ƙwayoyi barkatai, damarsa ta dacewa da jerin da zai gyaru ɗaya ce cikin goma sha biyu. Sau goma sha ɗaya cikin goma sha biyu, akwatin da ba shi da magani zai haɗa, kuma ido ba zai gane ba, domin a hargitse duk kamanninsu ɗaya. Ba ta yi don cuta ba, sulhu ta nema tsakanin 'ya'yanta. Ba ta kuma san cewa rufin asirin nan ne ya kusa fitar da ɗanta daga aji ba.

Na karkata fuskar sama kaɗan, na ɓalle ƙwayar gefe ɗaya da ɗan yatsa, na zaro kusurwar na daidaita ta, na mayar. Na ba ƙaninsa ya hargitsa son ransa. Yaron ya karɓa, hannu na rawa. Ban duba agogo ba, amma shayin da aka zuba mini bai huce ba ya ajiye shi a kan tabarma, kowace fuska da launinta.

Mahaifin ya ɗauka ya jujjuya shi ya daɗe, sannan ya ce, "To, na ga wannan. Lissafin makarantar fa, shi ma wani ne ya murɗe masa?"

Tambaya ce mai kyau, kuma da dare muka bincika. Na buɗe littafinsa, na ga duk inda aka zo rabawa a nan yake faɗuwa. Ashe zangon da aka koyar da doguwar rabawa a firamare yana kwance da zazzaɓi, ba wanda ya koma da shi baya, aka ci gaba da ɗora masa gini a kan rami. Mun yi yarjejeniya: zai taimaka a gona Asabar da Lahadi da kuma hutu, zai ci gaba da zuwa aji, a ga abin da zango mai zuwa zai nuna. Ban ce muku an gama ba. Mahaifin na da hujjarsa, hannu ɗaya a lokacin rake kuɗi ne.

Ba baƙon ilimi ba ne

Kada wani ya ɗauka irin wannan ƙirga sai a ƙasar Turawa. Masanin nan na Katsina, Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, musamman hatimin da gidajen kowane layinsa wutiri ne, wato uku, biyar, bakwai da sauransu. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan malamin nan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ni ɓangaren lissafin nake magana a kai, abin da wasu ke yi da hatimi kuwa na bar wa malamai.

Ku ɗauki ƙaramin hatimi mai gida tara. Jera lambobi 1 zuwa 9 a gida tara kamar sahun mutum tara ne: iri 362,880. Cikinsu takwas kacal ne ke ba da 15 a tsaye, a kwance da kuma a karkace, kuma takwas ɗin nan ma guda ɗaya ce ake juyawa ana kifawa. Mai lalube zai daɗe. Wanda ya san ƙa'ida, minti ɗaya ya ishe shi. Tunanin da malamin Katsina ya yi kusan shekara 300 da suka wuce, shi ne muka yi a kan tabarma a Taba.

Ga iyaye

In akwatin nan na gidanku kuma ya tarwatse, kada a mayar da ƙwayoyin barkatai. A haɗa shi a gyare, kowace fuska da launinta, sannan a hargitsa da juyi. In yaro ya kai ƙarshe ya tarar da kusurwa ɗaya a murɗe, ko gefe ɗaya a kife, ko ƙwaya biyu kacal sun yi musaya, to akwatin ne da laifi. Wani lokaci faɗuwa ƙasa kaɗai na murɗe kusurwa ba tare da ya tarwatse ba, haka ma in wani ya ɓamɓare launukan ya sake liƙawa.

Babban abin da nake so mu ɗauka kuwa ya wuce abin wasa. Kalmar "daƙiƙi" ba ta da wuyar fita daga baki, yaro kuma in ya ji ta daga mahaifinsa yarda yake yi. Kafin mu furta ta, mu duba abin da muka danƙa masa. Yana hango allo daga inda yake zaune? Yana jin harshen da ake koyar da shi? Ya karya kumallo? Akwai darasin da ya wuce shi ba a koma ba? Yaron da ke tsayawa wuri ɗaya kullum, sau da yawa wurin ne ya kamata a tona.

Aikin gida na wannan makon, a yi shi da yara bayan sallar isha'i: ku zana gida tara, ku jera 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi zai ba da 15. Wanda ya samu ya rubuto mana a ƙasa, ya kuma faɗa mana dalilin da ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya. Wanda kuma ya taɓa gano irin wannan murɗaɗɗiyar kusurwa a karatun ɗansa, ya ba mu labari, wata uwar za ta ƙaru.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.